Wuƙar Baba da aka samu a aljihun ɗana

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin ki taimaka ki ɓoye sunana da lambata, akwai waɗanda muke haɗuwa da su a masallaci da kasuwar Whitechapel a cikin group ɗin nan, wanda ya gane ni kuma ya rufa min asiri saboda Allah. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, domin yau Asabar, ranar Talata kuma za mu koma ofishin 'yan sanda da ɗana, kuma abin da za a rubuta a kansa ranar yana hannuna.

Ni matar aure ce, 'yar Zariya, shekarata sha tara a London. Muna zaune a wani flat na council kusa da Stratford, ni da maigidana da yara uku. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, shi kuma direban bas ne. Babban ɗanmu zan kira shi Muhsin, ba shi ne sunansa ba. Shekararsa sha bakwai, yana ajin ƙarshe a kwaleji, ya nemi gurbin karatun likita kuma an fara kiransa ganawa. Duk uwar da ke renon ɗa namiji a garin nan ta san abin da kalmar wuƙa take nufi. Ni kuwa har na fi kowa zaƙewa. Ni ce mai zazzage jakarsa duk ƙarshen mako, ni ce na hana shi zuwa aski Peckham shi kaɗai, ni ce ke tsare matan unguwa a bakin shago ina musu wa'azi su sa ido a kan yaransu. Akwai wadda na taɓa gaya wa a fuskarta cewa ɗa ba ya ɗaukar wuƙa sai uwarsa ta yi barci. In tana cikin group ɗin nan, to ga ni, ta rama.

Sai na ba ku labarin wuƙar kafin ku gane yadda aka yi. Gidanmu gidan malamai ne. Akwai wata 'yar wuƙa mai naɗewa da kakan mahaifina ya zo da ita daga hanyar Makka, lokacin da ake tafiya a ƙasa. Ƙotarta ta ƙaho ce, ta yi santsi saboda hannu, bakinta kuma ya sirance don yawan wasawa. Ba a yanka nama da ita, ba a ko ɓare lemo, aikinta ɗaya, feƙe alƙalamin rubutun allo. Wanda duk ya gaje ta yakan yi 'yar tsaga ɗaya a jikin ƙotar, yanzu tsaga huɗu ce. Ana ba da ita ga ɗa namiji da ya sauke Alƙur'ani, kuma a gidanmu ba a miƙa ta hannu da hannu, ba a kuma faɗa. Mai bayarwa zai jira a gama walimar sauka, ya lallaɓa ya saka ta a aljihun rigar da yaron zai sa washegari. Yaron in ya tsince ta shi ma ba ya cewa na gode. Sai ya nemi sillen kara ya feƙe alƙalami da ita, ya ajiye wa mai bayarwar a kan dardumarsa. Shi ke nan an bayar an karɓa, babu wanda ya buɗe baki. Ban san wanda ya ƙago wannan ba, haka muka taso muka gani.

Tsaga ta huɗu ta yayana ce, shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Shekara biyu wuƙar ta yi a hannunsa ya rasu a haɗarin mota, aka dawo wa Baba da ita cikin kayansa. Tun daga ranar sama da shekara ashirin tana aljihun Baba, ba ta da inda za ta je. Ni ma na yi sauka, har na riga yayan nawa, amma ni mace ce, ko a mafarki ba a saka min ita a aljihu. Ba zan ɓoye muku ba abin ya daɗe yana min ciwo, ina yarinya har kuka na yi a bayan ɗaki.

Wata biyu da suka wuce muka kawo Baba nan don ganin likitan zuciya. Ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni, amma kansa garau. Ni yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, Muhsin kuma abokina yake ce masa, ko ɗan Ingila in yana son tsokanarsa. Shekara shida Baba yana biya wa yaron nan karatu ta waya duk Asabar da Lahadi, ko network ya yanke sai ya sake kira. Saura izu biyu ya sauke Baba ya iso, suka ƙarasa tare a falonmu, gwiwa da gwiwa. Ranar da muka buɗe akwatin Baba maigidana ya ga wuƙar a cikin kaya, ya ja ni kicin ya ce, kin san ƙasar da muke, ki tabbata abin nan bai bar ɗakin Baba ba. Na ce masa haba, ni za ka gaya wa? Ya san wuƙar gado ce, amma bai san yadda ake ba da ita ba, ban taɓa gaya masa ba, ban ga dalili ba.

Muka yi walimar sauka ranar wata Lahadi, yau kwana ashirin. Gida ya cika, an ci an sha, Baba ya yi addu'a. Bayan la'asar baƙi sun watse, maigidana ya fita raka wasu tasha, Muhsin ya sauka da shara, ni ina fama da tukwane. Sai na ji takun sandar Baba a corridor. Na leƙo na gan shi tsaye gaban inda muke rataye jaket, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Guda biyar ne a wurin, duk baƙaƙe, ko mai ido sai ya duba da kyau. Ya juyo ya ce, “Uwata, wacce ce ta abokina?”

Jama'a na san abin da yake nufi. Wallahi na sani. Na ga hannunsa a dunƙule. Kuma maganar maigidana ta faɗo min a rai a take. Amma wani daɗi ya rufe ni da ban taɓa jin irinsa ba, wai yau wuƙar da aka hana ni ta biyo ta ɗakina, ta tsallake 'ya'yan baffanni duka ta zo wa ɗana. Na kasa cewa Baba tsaya, a nan ba a yin haka. Na share hannuna a zani na nuna masa. Har ni na buɗe masa zip ɗin aljihun ciki, saboda ba ya ganinsa. Ya saka, ya ɗora tafinsa a wurin ya yi addu'a a hankali, ya koma ɗaki yana murmushi. Na ce a raina ba komai, in an jima zan cire ta in kai wa Muhsin ɗakinsa in yi masa bayani, Baba ya yi al'adarsa, ni ma na yi tawa.

Ban cire ba. Wanke-wanke ya ɗauke min hankali, ƙaramar 'yata ta yi amai saboda zaƙin da ta sha, aka kira ni daga wurin aiki aka ce in shigo shift ɗin safe wata ba ta da lafiya. Na fita tun kafin su tashi. Sai wajen azahar ina ba wata tsohuwa abinci abin ya faɗo min, cokali ya kusa suɓuce min. Na kira wayar Muhsin a kashe, suna aji. Na tura masa saƙo na ce ka kira ni yanzu, ban rubuta dalili ba, don ina tsoron rubuta kalmar a waya. Na ce in ya fito zai gani. Shi kuwa ya fito da abokansa suna ta hira, bai duba ba.

Ranar 'yan sanda sun kafa irin ƙofar ƙarfen nan ta filin jirgi a bakin tashar Stratford, suna sa matasa su bi ta ciki. Abokansa biyu suka wuce lafiya. Shi da ya san ba ya ɗauke da komai, har da dariyarsa ya shiga. Ta yi ƙara. Suka tambaye shi ko akwai wani abu a jikinsa ya ce babu, suka sake tambaya ya ce babu. Suka laluba suka zaro ta daga aljihun da shi bai taɓa ko buɗewa ba. A gaban abokansa da duk mai wucewa aka sa masa ankwa.

Da yake bai kai sha takwas ba dole sai da babba a gefensa lokacin tambayoyi, ni aka samu a waya, ni na je da rigar aikina. Nan ne na yi abin da ya hana ni sukuni. Aka kawo wuƙar a cikin wata roba mai haske aka ajiye a kan tebur. Na ga tsagogin nan huɗu. Ɗan sandan ya tambaye shi ko ya san ta. Na ga lokacin da ya gane ta, fuskarsa ta canja, ya ce ta kakansa ce. Aka ce to ya aka yi ta shiga aljihunka? Aka maimaita. Ya juyo ya kalle ni sau ɗaya, sannan ya ce ba shi da abin cewa. Ni kuma ina zaune a gefensa, amsar tana bakina, na dubi ƙasa. Abin da nake gani a lokacin shi ne Baba da sandarsa a kan wannan kujerar, ana ɗaukar hoton yatsunsa, ana duba bizarsa, ga zuciyar da likita ya ce kada a bari komai ya tayar da ita. Na ce bari mu fita tukuna in yi tunani. Aka sake shi kan beli, aka ba mu ranar dawowa. Tunanin da nake yi ke nan har yau.

Da muka koma gida maigidana bai tsaya tambaya ba, shi ya haɗa labarinsa da kansa. Ya ce yaron ya shiga ɗakin Baba ya sace ta don ya je ya nuna wa abokai, ya ce ga sakamakon yabon da aka yi ta masa ranar walima, kai ya kumbura. Ya ƙwace wayarsa, ya kira shi ɓarawo, ya ce ya ci amanar tsohon da ya ɓata shekara shida a kansa. Duk da Turanci aka yi faɗan, a kicin, murya ƙasa-ƙasa, don kada Baba ya ji. Maigidana ya gaya wa Baba lesson ne ya tsare yaron. Muhsin bai kare kansa ba ko da kalma ɗaya. Ni ma da aka juyo kaina aka ce ba na ce ki sa ido ba, sai na ce na sa, ban san yadda aka yi ba. Ƙarya ta farko ke nan da na furta da bakina, sauran duk shiru ne. Kwana sha tara yau uban ba ya amsa gaisuwarsa. Tare suke tafiya masallacin Juma'a da, yanzu kowa da tasa hanyar. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni kam na ja, ɗana ake duka.

Ranar Larabar da ta wuce na kasa jurewa na je wajen lauyar da aka ba mu, ni kaɗai, na gaya mata komai har da zip ɗin. Ta ajiye biro. Ta ce da ƙaramar wuƙa ce da ba ta kullewa da ba a kai nan ba, amma tamu ta wuce tsawon da aka yarda, kuma tana da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta in an buɗe, sannan ga shi ya wuni da ita a kwaleji. Ta ce abin da take tsammani ranar Talata shi ne su ba shi caution, wato gargaɗi a rubuce, amma sai ya amsa cewa ya san tana jikinsa. Ba kotu, ba ɗauri, a sa hannu a tafi gida. Sai dai abin zai iya fitowa duk lokacin da aka yi masa binciken da ake yi wa masu aikin asibiti, kuma makarantun likita suna tambaya. Ta ce ba ta ce ƙofar ta rufe ba, amma kada in yaudari kaina. In kuma gaskiya ne bai san tana aljihunsa ba, to bai kamata ya amsa laifin da bai yi ba, wannan kariya ce mai ƙarfi. Matsalar ita ce maganata ni kaɗai ba za ta yi nauyi ba, tunda ina zaune aka tambaya na yi shiru, yanzu in na dawo bayan sati uku za a ce uwa ce ta ƙirƙiro don ta ceci ɗanta. Wanda ya saka wuƙar shi ake bukata. Ta ce za ta iya zuwa gida da tafinta ta rubuta bayanin Baba ya sa hannu, mai yiwuwa 'yan sanda su so ji daga bakinsa, mai yiwuwa su bar shi. Na tambaye ta ko za a taɓa shi, ko bizarsa. Ta ce ba ta zato, amma ba za ta rantse min ba. Na tambayi wuƙar kuma, ta ce yawanci lalata su ake yi, in an wanke yaron za ta roƙa a dawo da ita, shi ma ba alkawari.

To ga inda gizo ke saƙar. Ranar Alhamis mai zuwa za a yi wa Baba aikin zuciyar, kwana biyu bayan Talatar. Likitan ya ja mana kunne a kan hawan jininsa, ya ce in ya tashi za a ɗaga aikin, kuma ba a son a ɗaga. Na ce wa lauyar ta nemi a ƙara mana lokaci zuwa bayan aikin. Ta ce za ta iya nema, ba lallai a ba da ba. Sannan ta yi min tambayar da na tsane ta saboda ita, ta ce in an ɗaga ranar komawa ofishin 'yan sandan, ina da tabbacin zai iya ba da bayani bayan aikin? Tun daga ranar nake kama kaina ina lissafin cewa gara a rubuta bayaninsa kafin a shiga da shi, ko da wani abu ya faru. Ubana ne fa. Ina zuba masa kunu ina tunanin sa hannunsa. Allah ya yafe min.

Shi kuwa Baba bai san komai ba, alƙalaminsa yake jira. Kullum da safe in ya idar da lazimi sai in ga yana shafa gefen dardumarsa, yana ɗaga bakinta, kamar mai neman carbi. Ya zo da 'yan sillayen kara daga gida a cikin akwatinsa, ya ɗauko su ya ajiye a kan taga inda duk mai shiga ɗakin zai gani. Satin farko yana ta tsokanar yaron, wai ɗan Ingila ba ya sa hannu a aljihu ne saboda sanyi? Muhsin sai ya yi dariyar yaƙe ya fita. Sati na biyu ya daina tsokanar. Shekaranjiya ina gyara masa gado ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, “Uwata, kada ki matsa masa. Yaran nan abin da ke da daraja a wurinmu ba lallai ya zama da daraja a wurinsu ba. Ni ne na yi garaje.” Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji kukana. Yaron da yake zargi da raina kyautarsa, shi ne ya rufe bakinsa a gaban 'yan sanda don kada a ɗora wa kakan nasa laifi.

Jiya da yamma na dawo aiki na tarar da Muhsin a kicin shi kaɗai. Na rufe ƙofa na fara kame-kame, ina son in gaya masa. Ya tare ni, da Turancinsa kamar kullum, ya ce Mama na sani. Ya ce Baba Malam, haka yake kiran kakansa, ya ba shi labarin aljihu da alƙalami ya fi sau goma, yana ganin wuƙar a kan tebur ya gane abin da ya faru. Ya ce kuma Baba Malam ba ya iya bambance jaket ɗinsa da na Abba, balle ya samo zip ɗin ciki, dole wani ya nuna masa, kuma ba Abba ba ne. Tun ranar farko ya sani. Kallon da ya yi min a ɗakin tambayoyi, jira yake ya ga ko zan yi magana, da ya ga na sunkuya sai ya ɗauka na yanke shawarar a kare Baba, shi ma ya bi. Babu faɗa, babu ɗaga murya, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya ce zai karɓi caution ɗin ranar Talata, akwai wasu karatun ban da likita, amma kaka ɗaya gare shi. Na ce Abbanka fa? Ya ce Abba zai huce. Na riƙe hannunsa ya zare a hankali, ya ce, “Mum, just leave it.” Yaron da tun yana firamare yake ɗaure wa ƙannensa bandeji da tsumma.

Abin da ya sa na rubuto yau ba gobe ba, da safen nan ne ya faru. Ashe yaron ya ga yadda kakansa ke shafa darduma. Ya ɗauki sille ɗaya daga kan taga, ya feƙe shi da wuƙar kicin, ya ajiye masa kafin ya fita library. Ni ban sani ba sai da na kai wa Baba shayi. Na same shi zaune da alƙalamin a hannu, fuskarsa kamar an yi masa bushara, yana cewa kin gani, kin gani, ashe abokina yana sane. Ya ce in ɗaga labule. Ya kai alƙalamin dab da idonsa, ya juya shi, ya bi bakinsa da babban yatsa sau biyu. Na ga murmushin yana janyewa. Mutumin da ya yi shekara saba'in yana feƙe alƙalami da wuƙa ɗaya.

Ya ce, “Uwata, wannan ba yankan wuƙarmu ba ne. Ina wuƙar?”

Na ce masa na bar tukunya a wuta, bari in sauke in dawo. Babu wata tukunya. Ina zaune a kan matakalar bene nake rubuta muku wannan, shayinsa na hucewa, kuma na san yana nan zaune yana jirana da alƙalamin a hannu.

Don Allah ku gaya min me zan yi. In shiga in gaya masa gaskiya, cewa kyautarsa ta sa an ɗaure hannun jikansa a bainar jama'a, wuƙar kakansa tana cikin roba a ofishin 'yan sanda, kwana biyar kafin a buɗe masa ƙirji? Na san Baba, zai ce a kai shi yanzu, ko da rarrafe. In jininsa ya hau, in wani abu ya same shi, da wane ido zan kalli 'yan uwana mata da suka ba ni amanarsa? Ko in ƙara masa wata ƙaryar, in ce na adana ta saboda dokar gari, in bar yaron ya sa hannu ranar Talata a kan laifin da ni na yi? Masu ilimin addini, halal ne in karɓi wannan sadaukarwar daga hannun ɗana, alhali shi yaro ne ni ce babba? Likitoci da nas-nas na group ɗin nan, akwai yadda ake gaya wa mai ciwon zuciya irin wannan labari? Wanda ɗansa ya taɓa karɓar caution, da gaske yana bin yaro har wurin aiki? Maigidana kuma zai dawo daga shift ƙarfe huɗu, shi na san dole in gaya masa yau, ko me zai biyo baya, don ba zan ƙara kwana ana kiran yaron nan ɓarawo ba.

Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Ga shi can yana kira, Uwata, Uwata. Wayar tana hannuna, zan duba abin da kuka ce kafin in tura ƙofar.